'Yar Maitama

Ban taɓa taka ƙofar kotu ba sai da na kai shekara saba'in da uku. Magini ne ni. Na zo Abuja tun ana sare daji, na ɗora bulo a gine-ginen da yanzu masu gadi ba za su bar ni in tsaya a inuwarsu ba. Da ƙarfi ya ƙare na zauna a Karmo, a gidan da na gina da hannuna. Ɗaki uku ne da tsakar gida.

Abin da ya kai ni kotu jikata ce, Mariya, 'yar shekara shida.

Uwar Mariya ita aka fara haifa a ɗakina. A gidanmu, can ƙasar Kazaure, mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya ɗaukarsa, ba ya cewa nawa ne. Ubana bai taɓa kiran sunan yayanmu ba har ya koma ga Allah, kuma ba wanda ya ce ba ya ƙaunarsa. Haka muka tarar. Da aka yaye uwar Mariya, ƙanena Maitama ya ɗauke ta. Shi ya rene ta a Kwali inda yake noman doya. Shi ya sa ta a makaranta da sunansa, shi ya aurar da ita ga Manniru, direba a wata ma'aikatar gwamnati. Shi take ce wa Baba. Ni Malam take ce mini, kamar kowa. In magana ta kama dole, sai in ce 'yar Maitama. Shekara arba'in da ɗaya muna haka, ba wanda ya ji ciwo.

Maitama ya rasu, matarsa ta bi shi. Matata, wadda ta haife ta, ta riga su duka. Da Manniru ya saki uwar Mariya ba ta da inda za ta sai Karmo. Ta zo da akwati biyu da yarinya. Mariya kaɗai Allah ya ba su, ita ma sai bayan shekara goma sha biyu ana jira. Na ba su ɗakin da ya fi iska. Uwar ta kafa kaskon awara a ƙofar gida.

Da ƙaramar sallah Manniru ya zo, ya ce zai kai yarinya ta gaida danginsa, kwana uku. Uwar ba ta so ba. Ni na ce a ba shi, uba ne. Kwana uku suka zama wata biyar. Ya ajiye ta a Mararraba wurin yayarsa, ya daina ɗaukar waya. Na aika sau biyu. Na je da kaina sau ɗaya, aka ce mini ya fita, ga takalmansa a bakin ƙofa.

Uwar Mariya ba ta yi mini kuka ba. Ta dai rame. Awara tana ƙonewa a kasko, ita tana kallon hanya.

Maƙwabcina Obadiah kafinta ne, mutumin Kafanchan. Shekara talatin muna zagin juna ta kan katanga. Wata rana da hantsi ya ajiye zartonsa ya zo ya zauna a kan bencina ba tare da an ce ya zauna ba.

"Sale, girman kan nan naka zai kashe yarinyar nan. Akwai lauyoyi a bayan kasuwar Gudu, kyauta suke yi wa talaka aiki."

"Wa ya ce maka ni talaka ne?"

"Silifas ɗinka."

"Ba na kai maganar gidana wurin baƙo."

"To wurin wa za ka kai? Ka kai wurin Manniru, ka gaida takalmi ka dawo."

Na kore shi. Washegari na sa babbar rigata na tafi Gudu. Ban gaya wa uwar Mariya ba. Na ce in fara ganin irin mutanen.

Ofishin yana saman wani shagon fenti. Wanda ya zuba matakalar benen bai san aikinsa ba, kowane taki da nasa tsawon. A ciki na tarar da mace, Barista Mabel Kure, 'yar Filato, ba ta wuce sa'ar uwar Mariya ba. Ta miƙe ta ba ni kujera. Wannan ya yi mini. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta.

Na faɗa mata abin da ya faru, ban ƙara ba ban rage ba. Tana ji tana danna kwamfuta.

"Baba, wannan matan, yaro ɗinka ne?"

Ba a taɓa yi mini wannan tambaya ido da ido ba. Na ba ta amsar da nake ba kowa.

"'Yar Maitama ce."

"Maitama!" Ta ɗaga gira. "To me ya kawo shi Karmo?"

"Ƙaddara."

"Kai, wannan rayuwa." Ta girgiza kai ta ci gaba da rubutu. "Yanzu a gidanka yake zama?"

"Na ba ta ɗaki."

"Madam ɗinka yana nan?"

"Ta rasu."

"Sori, Baba. Allah ya ji ƙai. Yaya sunan matan?"

"Za ta zo da kanta. Ki tambaye ta."

Ta fitar da takarda da Turanci, ta ce bayanina ne na shaida, za ta fassara mini kafin in sa hannu. Ta karanta har ta zo wani wuri ta ce, "Na rubuta ba yaro ɗinka ba ne, ka taimake shi ne saboda Allah. Haka ne?"

Na kalli taga. Na ce, "Ki rubuta abin da kika ji."

Na dangwala yatsa. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Washegari na tura uwar Mariya. Barista tana kotu, wani magatakardanta ya cike fom, aka shigar da ƙara. Sati uku ba mu ji komai ba. Sai Barista ta bugo waya ta ce mu zo mu biyu.

Ranar ba ta yi murmushi ba. Ta ce lauyan Manniru ya aiko da amsa. Ta karanta mana. Wai uwar yarinya ba ta da mazauni na mutunci. Wai tana zaune a gidan wani namiji marar mata, wanda shi da kansa ya dangwala yatsa cewa ba su haɗa komai ba. Wai kuma ta yi ƙaryar cewa ita 'yar unguwar Maitama ce, alhali ba ta taɓa kwana a can ba. Saboda haka kada kotu ta ba ta riƙon 'ya mace.

Namiji marar mata. Ni.

"Ku ji," in ji Barista. "A shari'a, 'ya mace wurin uwa yake zama, in uwa bai yi wani aure ba, kuma yana wurin da akwai tsaro. Wannan kawai za su kama mu da shi. Dole mu samo miki gidan dangi, Madam. Ba ki da kowa?"

Uwar Mariya tana kallon ƙafafunta.

"Kawu? Yaya? Ko mutum ɗaya?"

Da uwar Mariya ta yi magana, da ƙyar aka ji.

"Shi ya haife ni."

"Wa?"

"Malam."

Barista ta kalle ta, ta kalle ni. Biro ya faɗi daga hannunta.

"Baba! Ka ce mini ɗan Maitama ne!"

"Maitama ƙanena ne."

"Mutum ne?"

"Mutum ne. An raɗa masa sunan tun Abuja tana daji."

"Yesu!" Ta dafe kai. "Ni na ɗauka unguwan masu kuɗi kake faɗa. Da na ga Maitama a bayan sunan shi, na ce ai haka kuke yi, wannan ya sa Gusau, wannan ya sa Kano." Dariya ta kama ta, ta tsaya da sauri. "Amma na tambaye ka, Baba. Na karanta maka. Me ya sa ka bar ni?"

"'Yar fari ce."

"To?"

"Ba a faɗa."

Uwar Mariya ce ta yi mata bayani, a hankali, ba ta ɗago ba. Barista ta saurara baki buɗe.

"A wurinmu," ta ce, "da sunan ɗan fari ma ake kiran iyaye. Babana har ya mutu Baban Mabel ake ce mishi."

"Wurinku ke nan."

"Manniru ya san kai ne uban?"

"A gabana ya durƙusa ranar da ya zo gaida surukai. Goro ya kawo mini da turare."

"Ya sani, ya yi shiru." Ta jinjina kai. "Oke. Yanzu kes ɗin ya yi sauƙi. Gidan uba, babu wanda zai ce ba tsaro."

"A sake rubutawa in dangwala."

"Za mu sake. Amma yanzu takarda biyu ne, yatsa ɗaya, kuma suna ƙaryata juna. Alƙali zai so ya ji da bakinka. Zai ce ka faɗa wane ne shi a wurinka, ka faɗa sunan shi cikakke."

"Ba zan faɗa ba."

"Baba, kalma biyu ne."

"Na ce ba zan faɗa ba."

Ta rufe fayil. "To ni na gaya maka gaskiya. In ba ka faɗa ba, zan yi iya ƙoƙari na, amma ban yi alkawari ba. Ranar Talata ne, ƙarfe tara."

Muka kama hanyar gida a mota. Mun sauka a bakin kasuwar Karmo, muka bi ta layin masu gwanjo, ina gaba tana baya. A ƙofar gida ta tsaya.

"Malam."

Na juya.

"In abin da nauyi a bari. Zan koma Kwali, wurin dangin Inna. Ko sun karɓe ni."

Inna take ce wa matar Maitama. Danginta ba su ko zo gaisuwa ba da aka sake ta. Ta san haka, na san haka. Da ta yi mini kuka ko ta ɗaga murya, da na samu abin riƙewa. Ba ta yi ba. Kunyar da na koya mata ce take yi mini.

Na ce, "Shiga gida."

Kwana biyar ne tsakani. Ranar Juma'a bayan an sauko na tare liman na tambaye shi. Ya ce al'ada ce, ba addini ba. Na sani. Ba don ban sani ba na tambaya.

Ranar Lahadi da safe na zaga bayan gida, inda na tara ragowar bulo. Na ce in gwada. Sau ɗaya na taɓa faɗin sunan, a kunnenta, ranar da aka haife ta, ina yi mata huɗuba. Na buɗe baki. Harafin farko ya fito, sauran ya maƙale. Na sake. Haka.

"Sale!" Obadiah ne a kan katanga, da kayan coci. "Da wa kake magana?"

"Da bulo."

"Ya amsa?"

"Ya fi ka hankali."

Ya tsaya yana kallona. Ya riga ya ji labarin wurin matarsa. Bai yi dariya ba.

"Talata zan raka ka," ya ce.

"Ban gayyace ka ba."

"Kotu ta gwamnati ce."

Kotun ƙaramin ɗaki ce, benci shida da fanka. A baranda muka ga Mariya, yayar Manniru tana riƙe da hannunta, don alƙali ya ce a zo da ita. Ta ƙara tsawo. Kitson da ke kanta ya tsufa har ya fara dunƙulewa. Ta ga uwarta ta yi kamar za ta taho, aka ja ta baya. Uwar ta tsaya cik. Barista ta kama gefen mayafinta ta shigar da ita.

Manniru yana ciki da farar shadda. Bai kalle ni ba. Lauyansa matashi ne mai tabarau, da ganinsa ɗan manyan ma'aikata ne, wanda ya tashi a gidan da ake kiran kowa da sunansa. Ya miƙe ya yi maganarsa, rabi Hausa rabi Turanci, ya ɗaga takardata sama yana nuna yatsana. Barista ta miƙe ta ce kuskure ne, kuma nata ne, ta ba da sabuwar takarda. Ba ta ambaci nawa laifin ba. Na lura.

Alƙalin dattijo ne mai furfura a gemu. Ya duba takardun biyu, ya ce a kira ni. Na tsaya.

"Malam Sale, wannan yatsanka ne?"

"Nawa ne."

"Wannan fa?"

"Shi ma."

"To wanne ne gaskiya? Mene ne tsakaninka da mai ƙara?"

"'Yar gida ce."

"Wa ya haife ta?"

"Uwarta."

Aka yi dariya a baya. Alƙali bai yi ba. Ya cire tabaransa ya ajiye.

"Malam Sale, ni ma ɗan fari ne. Na san abin da ya riƙe maka baki. Amma abin da ka faɗa shi zan rubuta, ba abin da na gane ba. In ka yi shiru, takarda ta farko tana nan a gabana. Wane ne ubanta?"

Ta ƙofar ina hango baranda. Mariya ta zauna a ƙasa, tana wasa da igiyar takalminta. Ni na ce a ba shi ita. Kwana uku, na ce, uba ne.

"Ni ne. 'Yata ce. Ni na haife ta."

"Sunanta?"

Ban kalli inda take ba. Na kalli bango. Akwai tsagewa daga saman taga har rufi.

"Halimatu."

"Ɗaga murya, magatakarda bai ji ba."

"Halimatu Sa'adiya. 'Yar Sale. Ƙanena Maitama ne ya riƙe ta, Allah ya jiƙansa. Ɗakin da take ciki ni na gina shi, kuma nata ne."

Na ji wani ɗan sauti daga bencin mata. Ban juya ba.

Alƙali ya gama rubutu, ya juya wurin Manniru.

"Kai, miƙe. Ka san wannan dattijon?"

Manniru ya miƙe. Ya kalli lauyansa.

"Ba shi na tambaya ba."

"Na san shi, ranka ya daɗe."

"Wane ne?"

"Surukina ne."

"Wane irin suruki?"

"Mahaifinta ne."

Lauyan ya juyo ya kalle shi. Daga fuskarsa na gane shi ma ranar ya fara ji.

"Ka sani," in ji alƙali, "ka bari aka rubuta cewa uwar 'yarka tana zaune da wani namiji. Wata rana yarinyar nan za ta iya karatu."

Manniru ya koma ya zauna.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Riƙon Mariya na uwarta ne, a gidana. Ci da sha da sutura da makaranta suna kan uba. Yana da ikon zuwa ya gan ta kowace Asabar, kuma kada in hana shi. Alƙali ya maimaita wannan yana kallona. Na ce na ji.

A baranda yayar Manniru ta saki hannun yarinyar, ta miƙo wata leda mai kaya. Mariya ta tako a hankali, sannan ta ruga. Uwar ta durƙusa a kan siminti ta rungume ta. Na matsa gefe, na ba su baya.

Obadiah ya zo ya tsaya kusa da ni, yana goge ido da hularsa.

"Ƙura ce," ya ce.

"Ban tambaye ka ba."

Barista ta fito da fayil a hammata. "Baba, ka yi ƙoƙari."

"Ki gyara Hausarki. Mace ba 'shi' ba ce."

"Zan gyara. Kai ma in an tambaye ka ka riƙa amsawa."

Na ce Allah ya yi mata albarka. Ban cika faɗin haka ba.

Muna shirin tafiya Manniru ya zo. Ya ɗan rusuna, ba har ƙasa ba.

"Baba, a yi haƙuri. Shaiɗan ne."

"Shaiɗan bai san Mararraba ba sai da ka kai shi a mota."

Ya sunkuyar da kai.

"Asabar ka zo," na ce. "Alƙali ya faɗa. Ka shigo ta ƙofa, ka yi sallama, ka gan ta a tsakar gida."

Mun isa Karmo bayan azahar. Matan layi suka cika gidan. Da suka watse, uwar Mariya ta zo bakin ɗakina ta durƙusa.

"Malam, na gode."

"Ki tsefe mata kan nan."

Ta tashi. Tun la'asar har aka kira magariba yarinyar tana ihu a ƙarƙashin mataji, uwar tana lallashi tana faɗa. Na zauna a waje a kan benci ina ji. Ban ce a yi shiru ba.

Ranar Asabar Manniru ya zo da ƙarfe goma, da biskit a leda. Ya yi sallama sau biyu kafin in amsa. Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, inda nake ganinsa daga ƙofar ɗakina.